Curin Yumɓu a Hannun Maƙwabcinmu

Ina firamare lokacin, muna zaune a unguwar Pantai Dalam a ƙasar waje, Baba yana karatun digiri na uku. Wata la'asar ana ruwa, ya ce in sa hula, za mu je ta'aziyya wajen maƙwabcinmu, wani ɗalibi ɗan Iraƙi. Na yi mamaki, don mutumin ɗan Shi'a ne, tsakaninsa da Baba sai sallama a bakin ƙofa.

Mota aka cika da bam, aka ajiye a kasuwar unguwarsu a Bagadaza. Mahaifiyarsa ta fita cefane da ƙaramar 'yarsa, ba su dawo ba.

Muka same shi a kan darduma. A hannunsa akwai ɗan curin yumɓun da yake sujada a kai. Hawaye sun jiƙa yumɓun, yana ta shinshinarsa. Har inda nake ina jin ƙamshin, irin na sabuwar randa.

Na raɗa wa Baba, "Wannan ne dutsen da ka ce suna bauta wa?"

Ya ce, "Ba dutse ba ne, ƙasarsu ce. Da irinta aka rufe 'yarsa yau, shi kuma yana nan."

Sai ya matsa, ya dafa kafaɗar mutumin.

Yanzu ina da 'ya sa'ar waccan yarinya. Duk ranar da ruwa ya taɓa busasshiyar ƙasa, sai na tashi na leƙa inda take.