Gudumar Dalma

A kwanar kasuwa ƙafar motar ta baya ta soma rawa. Injiniya ya taka birki, ya fito yana salati. Saura ƙiris tayar ta fice ta riga shi isa gida.

Maƙwabta ne suka laƙaba masa Injiniya, saboda tsohuwar motar da ya gada, wadda kowace ƙafarta noti ɗaya ke riƙe da ita, ƙato mai kunnuwa biyu da ake ɗaurewa da guduma. Duk Asabar yakan bi su da gudumar roba, bugu uku-uku, don kada ƙyallinsu ya kwarzane. Yana gamawa matarsa za ta tura shi wanka. Daga banɗaki yakan ji ta tana daka, ya yi murmushi, mace mai himma. Shekara talatin ko taya ɗaya ba ta taɓa kwance masa ba, kuma duk unguwa ta sha labarin.

Sai ga wannan abin kunya, sati biyu kacal da tafiyar matar wajen 'yarsu da ta haihu.

Ya shiga shagon kayan aiki, ya dire gudumar a kan kanta. "Robar ta mutu. Ba ni sabuwa."

Mai shago ya juya ta, ya ƙyalƙyale da dariya. "Baba, wannan ai tsalle kawai take yi, ba ta ɗaure komai. Ta ƙarfe kuma sai ta ci kunnuwan. Dalma ake so, ga nauyi ga taushi, ita ke lotsewa, notin ya tsira."

"Ni za ka koya wa? Shekara talatin fa!"

"Wallahi da roba ko wata guda ba za ka yi ba." Ya zaro wata guduma toka-toka daga ƙasan kanta. "Mutum ɗaya ke sayen irinta a nan, duk shekara biyu, tun zamanin babana."

Injiniya ya buɗe baki zai yi gardama, wayarsa ta yi ƙara a kan kantar. Hoton matarsa ya cika fuskar wayar.

Mai shago ya leƙa, ya washe baki.

"Af, ai ga mai sayen nan! Don Allah, Baba, ka gaya wa Mama sabuwar da ta ce a ajiye mata ta iso."