Fuskar Garzali a Bangon Mujalla

"Ƙara mini haske, Tala," in ji Garzali, mawaƙin samarin Gidan Rumji. "Rage tumbin nan kuma."

Tala mai tsara bangon mujallar matasa ya dubi hoton. "Tsagar Gobirawan fa, abokina?"

"Goge ta, tana ɓata mini gayu!"

Tala ya goge. Mujalla ta fito, 'yan mata suka yi wawarta.

Ranar da zai yi wasa a Gidan Sori, Garzali ya iso yana taƙama. Mai gadin ƙofa ya dubi bangon mujallar, ya dube shi, ya tare hanya.

"Kai, ni ne fa Garzali!"

"Kawu, koma layi ka sayi tikiti. Mai wannan fuskar ya shiga tun ɗazu, har an miƙa masa makirfo."