Tambarin Motar da Aka Ciro Daga Kogi

Da na san abin da zan tarar, da ban amsa kiran ɗan sandan nan ba.

"Baba, an ce ba wanda ya kai ka sanin tsofaffin motocin tsere. Mun ciro wata daga kogi, ba lamba. Duba mana tambarin, ko ma gano mai ita."

Na tsuguna na goge laka da bakin rigata. Tambarin mota mai injin turbo ne, irin wanda ba a ƙera da yawa ba.

Na ce, "Yallaɓai, tambarin na gaske ne, amma ba na wannan motar ba. Liƙa shi aka yi."

Sai yatsana ya taɓa wani tabo a gefensa. Ni na yi shi da sukudireba, ranar da na ɓamɓaro tambarin daga wata matacciyar mota na ba ɗana yana ƙarami. Ya ce zai sa a motarsa ta farko. Tun da muka yi faɗa ya bar gida, ban ji ya sayi mota ba.

A buɗe aka sami ƙofar direba, ba kowa a ciki. Har yau ban sani ba ko shi ya buɗe ta, ko ruwa ne.