Sarƙar da Aka Yanka a Kan Teku

Tunda ka ce ka tsinci araha, zauna ka ji. Ba ni da dogon zance.

Wata mata ce mai tuyar ƙuli-ƙuli, ta tsufa a bakin kasko. Wuyanta ya daɗe babu komai, don sarƙar zinariyar da ta shigo gidan miji da ita ta tafi tun wata shekara da aka yi fari, aka mai da ita hatsi aka ci. Ba ta taɓa kai kukan wannan gun kowa ba. To, Allah ya buɗa wa babban ɗanta, ya kai ta Umra. Da suka gama ya ce sai ta huta, ya shiga da ita irin jirgin ruwan nan na shaƙatawa, wanda ba ya ɗaukar kaya, ba ya sauri, yawo kawai yake yi da mutane. Ita da ruwan da ta sani bai wuce rijiya da kududdufin bayan gari ba, sai ga ta a kan ruwan da ba shi da gaɓa. Gari guda ne yake tafiya, da benayensa da kantunansa. Da hantsi takan zauna a inuwa ta zuba wa teku ido. Rana ta farfashe a kansa kamar an watsa gero mai ƙyalli, jirgin yana lilo da ita a hankali yadda ake jijjiga goyo. Hannuwanta da ba su saba zama ba suka kwanta a cinya. Har takan rasa ko barci take ko ido biyu. Wani lokaci sai ta ga kanta amarya, da lalle a ƙafa, da nauyin sarƙa a ƙirji, tana jin kiɗan ƙwarya yana tasowa daga can ƙarƙashin ruwa.

Tana cikin wannan hali ta bi ta wani dogon zaure na jirgin, ta tarar da tebur a ƙarƙashin fitilu, an jera sarƙoƙi a nannaɗe jikin katako kamar zaren ɗinki. Wata budurwa ce ke warwarowa, ta gwada a wuyan mace, ta datse, ta sa maɗauri, kamar mai yankan yadi. Kuɗin bai taka kara ya karya ba. Matar nan ba yarinya ba ce. Ta san zinariya a sikeli ake auna ta, ba a yanka ta da tsawo. Ta ɗora a tafin hannu ta ji babu nauyi. Amma da aka rataya mata ta dubi madubi, ga taga a bayanta, ga teku yana motsi a tagar, sai ta ga wuyan da ta rabu da shi tun ƙuruciya. Zuciya ta ce mata, bikin autarki ya matso, ke ce uwar amarya, daga ƙasa mai tsarki za ki koma, wa zai tambaya? Ɗan ya ce ta bari su sauka ya saya mata ta gaske, ko da siririya ce. Ta ce siririya ba ta ganuwa daga nesa. Ta sa aka yanka mata mai kauri.

Bikin ya faɗo a tsakiyar bazara. Tun ranar sa lalle ta ɗaura abarta, ba ta ƙara cirewa ba. Kullum ta yi wanka da ita, ta shafe wuya da humra, ta tsuguna a kan turaren wuta har hayaƙi ya ratsa ta. Mata suna taɓawa suna tambaya ko ta can ce. Ita dai murmushi, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Tana ratsa tsakar gida tsakanin tukwane da baƙi, gumi yana bin ta, amma a ranta ƙasa lilo take yi a hankali, kamar har yanzu ba ta sauka daga jirgi ba.

Ranar kai amarya ta sa farin leshi. Bayan la'asar dangin ango suka cika ɗaki, ta shigo gaishe su. Gwaggon ango, wata tsohuwa mai kaifin ido, ta riƙe hannunta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Hajiya, wa ya yi miki rini a wuya?"

Ta shafa, ta duba yatsunta. Kore ne, ya haɗu da baƙi. Ya zagaye wuyan, ya sauka a kan leshin. Sarƙar kuwa ta koma kamar tsohuwar waya. Ba wanda ya yi dariya, kowa ya mai da ido ga tabarma, wannan ya fi dariyar ciwo. Ta juya ta shige ɗakinta ta turo ƙofa, ta ɗauki sabulu da lemun tsami ta hau dirza. Aka ƙwanƙwasa, aka ce amarya tana jiran ta ta yi mata nasiha ta sa mata albarka. Ta ce tana zuwa. Koren bai fita ba. Aka sake aikowa, ta ce a ba ta ɗan lokaci. Tana nan tsugune a gaban kwano, wuya ya yi ja, ta ji motoci sun tashi. Haka autarta ta bar gidan ubanta tana waige, ba ta ga uwarta ba.

Shi ke nan. Je ka sayi abinka in ka so. Amma ba a banza magabata suka ce ba: araha ba ta ado.