Sirdin Gado a Lungun Zaure

Kai da ka shigo mini kana huci, wai ba za ka taɓa gyara abin da wani ya ɓata ba, zauna in ba ka labarin wani manomi mai irin zuciyarka.

Shi da ƙanensa, ubansu ya rasu ya bar musu doki ɗaya da sirdi ɗaya. Tsohuwarsu kuwa tana wani ƙauye a hayin fadama wajen 'yarta, jiki ya yi rauni, yau sauƙi gobe ciwo. In damina ta yi nisa, ba abin da ke ratsa wannan laka ya kai mutum wurinta da wuri sai doki, kuma manomin ya san haka sarai. Ya san riƙon sirdi ma, don a gabansa ubansu yake yi. In an sauko a goge gumi da tsumma, a bar fata ta sha iska a inuwa, a lakato man shanu a murza shi cikin majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi a jikin doki, a bi linzami da igiyoyin likkafa har su yi laushi, sannan a rataye inda ɓera da gara ba sa kaiwa.

Wata rana ƙanen ya dawo daga kasuwa ruwa ya yi masa dukan tsiya. Ya kwance sirdin ya jefar a lungun zaure, sharkaf da gumi da taɓo, ya shige cikin gida abinsa. Da wan ya gani sai ransa ya ɓaci, ya tsaya a kan sirdin yana ƙwafa, ya ce hannunsa ba zai taɓa shi ba sai wanda ya ɓata ya gyara. Ƙanen ya aiko da amsa cewa shi ke yanko wa doki ciyawa, shi ke share turke, ba za a ƙara masa da sirdi ba. Shi ke nan, aka bar fata a ƙasa tana biyan laifin da ba nata ba. Safe da yamma manomin yana wucewa ta zauren, yana kallon funfuna tana hawa sirdin ubansa, zuciyarsa tana tafasa. Abin takaicin, har ya fara jin daɗin lalacewar, don kowane tabo shaida ce a kan ƙanensa. In baƙo ya zo gaisuwa, kafin a kawo masa ruwa ya nuna masa lungu, wai ya dubi aikin ƙanensa. Ranar da matarsa ta ɗauki tsumma za ta goge, ya daka mata tsawar da ta sa ta yar da shi. Wannan wace irin wauta ce? Fata ba alƙali ba ce, ba ta san mai gaskiya ba. Mai take so, in ba a ba ta ba ta bushe.

Ana nan, wata safiya ɗan aike ya iso da laka har gwiwa, ya ce ciwon tsohuwa ya matsa, sunan babban ɗanta take ta kira. Ƙanen yana can tun jiya, ya kai mata hatsi da ƙafa. Manomin ya zabura ya janyo sirdin. Majayi ya ƙandare kamar busasshiyar ganda, ɓera ya ci ɗinkin gefe. Ya kwaso man shanu cike da hannu ya lafta, man ya tsaya a sama yana ƙyalli, ya ƙi shiga. Ya kara fatar a bakin murhu don ta sha da sauri, wuta ta ƙara busar da ita. Yana zagin ƙanensa ya ɗaure sirdin ya hau. A tsakiyar fadama doki ya yunƙura zai zare ƙafa daga laka, majayi ya tsinke. Shi da sirdi suka zube tare, ƙugunsa ya bugu, dokin ya juya ya nufi gida.

Da ɗingishi ya ƙarasa. A bakin ƙauyen ya ci karo da mutane suna dawowa daga maƙabarta da fartanya a kafaɗa, ƙanensa a cikinsu, jar ƙasa a hannuwansa. Ƙanwarsu ta fito tana kuka ta ce, "Yaya, ƙofa take ta kallo har ta cika." Ya buɗe baki zai ɗora wa wani laifi kamar yadda ya saba, ya duba hagu da dama bai sami kowa ba, sai man shanun da ke naso a tafin hannunsa.

To, ka tashi ka je ka gyara naka, ka yi fushin daga baya in kana da sauran ƙarfi. Ba a banza Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya ba.