Gurbin Allura

Ranar da ƙanin maigidana ya shigo babu sallama ya tarar da ni ina wanke-wanke, ban tambaye shi komai ba. Na riga na sani tun a asibiti, kwana ɗaya kafin nan.

Likitan bai ɗago kai ba. Tambayoyi yake karantowa daga wata takarda yana sa maki. Maigidana ya ci biyu, kuma sai mai huɗu ake ba gado.

Na ce, “Likita, allura fa ta gagare shi da safe.”

“Ba ya buƙatar allura, Mama. Ƙwaya ta isa.”

“Ta ɗinki nake nufi! Shekara talatin yana tela, ko ido rufe yana zura zare. Yau ni ya miƙo wa.”

Ya juyo mini takardar. “Nuna mini gurbin wannan.”

Ya san ban iya karatu ba.

Washegari, a kan kekensa na ɗinki maigidana ya faɗi, rai ya yi halinsa. Wai an bi ƙa'ida, babu mai laifi. To, takardar ce za ta zo mini gaisuwa? Ban yafe ba.

Kullum da safe ina zura zare a allurar keken. Ni da ba tela ba, bugu ɗaya yake shiga.