Babi Ɗaya a Rana

Tun da hukuma ta raba wa kowane gida akwatin labari, mai karanta wa yara littafi ba tsayawa, Lantana kaɗai ta rage a ƙauyen mai buɗe takarda. Da la'asar, jikokinta na ɓarar gyaɗa, ta karanta musu babi ɗaya, ta sa tsinke ta rufe.

"Sai gobe."

"Kaka, kin lalace ne?" in ji Tanimu, ƙaraminsu.

"Ungo naka! Labari kamar tuwo ne, sai ya kwana yake daɗi."

Tana zuba wa awaki dusa, littafin a hammatarta, ta ji akwatin ya ɗora daga inda ta tsaya, da muryarta, har da tarinta. Babu yaron da ya ɗago kai.